Littafin Hanya da Madubin Mai Aski

Magatakarda ya juya kwalin a hannunsa karo na uku. Ya ɗaga tabarau zuwa goshi, ya sake sauke shi kan hanci, kamar yadda ya saba yi wa takardar da lauya ya miƙo masa da fara'a fiye da kima. Shekara talatin da huɗu ya yi yana riƙe da rajistar kotu kafin ya yi ritaya, kuma har yau bai daina kallon kowace takarda a matsayin wadda ake tuhuma ba.

"Baba, wasan nan ne dai," in ji Auta, 'yar amininsa Mai Aski, tana zaune a bakin kujera da makullin mota a hannu. "Wanda kuke yi da Babanmu a shago. Sabunta shi aka yi, aka gyara hotunan, aka sa masa murya."

"Sabuntawa kika ce. To, wa ya sa hannu cewa ya dace da asali?"

"Baba, ai ba takardar fili ba ce."

"'Yata, a wurinmu kwafin da aka yi wa kwalliya sunansa jabu."

Amma bai ajiye kwalin ba. A bangonsa ga yaro mai riƙe da fitila, ga mace mai baka da kibiya, ga tsoho mai sanda a bayansu. Ya san su kamar yadda ya san maƙwabtansa. Sai dai a da fuskokinsu 'yan ɗige-ɗige ne, mutum ne ke ƙarasa su da zuciyarsa; yanzu kuwa har gashin girar tsohon ana iya ƙirgawa. Wannan ya ɓata masa rai, ya kuma ja hankalinsa a lokaci guda.

Shekara ashirin da bakwai ke nan da abin. A lokacin wani direban babbar mota ya bar wa Mai Aski na'urar wasa da kaset guda ɗaya, rubutun cikinsa duk da haruffan wata ƙasa mai nisa da babu wanda ya iya karantawa a unguwar. Kowace Asabar da yamma, in masu aski sun ragu, sai su biyun su zauna. Mai Aski ke riƙe da abin sarrafawa, wanda ya laƙaba wa suna linzami. Magatakarda kuwa bai taɓa taɓa shi ba, aikinsa rubutu. Kowace kwana, kowace ƙofa, kowace rijiya, yana shigar da su cikin littafi mai baƙin bango, in sun ɓace sai ya karanto hanya. Wata goma sha huɗu suka yi a haka, har suka shiga kogon ƙarshe, suka hango babbar ƙofar da ke rufe labarin. A ranar wuta ta dawo da ƙarfi, na'urar ta yi hayaƙi, ba a kuma sami irinta ba.

"Gobe da safe za mu tafi da Babanmu," in ji Auta, muryarta ta sauka. "Likita ya ce ba zai zauna shi kaɗai ba, ni kuma aikina yana wani gari. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye kalmominsa ba su wuce goma ba. Jiya na nuna masa kwalin nan a waya, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, 'Kotu.' Ai ka san kai yake nufi."

Daga ƙofar kicin matar Magatakarda ta leƙo, hannunta da kumfar sabulu.

"Malam, ka je mana. Littafin naka yana can ƙasan akwatin da ka hana kowa taɓawa. Na san wurin don sau biyu ina ceto shi daga gara."

"Ban ce zan je wasa ba," in ji shi yana miƙewa. "Zan je in duba ko abin ya dace da asali. In bai dace ba, zan faɗa."

"Za ka faɗa kam," in ji ta. "Wannan ba mu da shakka."

A mota ya zauna a gaba, littafin a kan cinyarsa, hannu biyu a kansa. Suka wuce tsohon shagon askin, wanda yanzu ake sayar da murafan waya a ciki. Bai waiwayi shagon ba. Tambayoyi kawai ya dinga jero wa Auta. Su waye suka sabunta shi, 'ya'yan masu shi ne ko baƙi? Sun bar rijiyar da ke ƙara ƙarfi a bayan kasuwar garin farko? Kiɗan nan mai kama da kukan ƙofa, sun taɓa shi? Ita dai ta ce ba ta sani ba, ba ta taɓa bugawa ba.

Gidan Mai Aski ya riga ya zama tasha. Kwalaye a jere a zaure, labule an cire, an naɗe tabarma an ɗaure da igiya. A falo babu abin da ya rage sai talabijin a kan tebur, da kujeru biyu, da wasu kaya da aka ware gefe za a bayar. Mai Aski yana cikin kujera mai taya, bargo a kan gwiwarsa, hannunsa na dama kwance a kai kamar na wani. Mutumin da ya shekara arba'in bakinsa bai huta ba, yana aski yana ba da labari, yau ido kawai ya ɗaga.

"Kotu," ya ce, da rabin baki.

"Almakashi," in ji Magatakarda. "An ce ka shigar da ƙara. Ga ni na amsa sammaci."

Ya dubi kan amininsa, ya ga wani ya yi masa aski, ya bar tudu a bayan kunnen hagu. Ya kawar da kai da sauri.

Auta ta haɗa wayoyin sabuwar na'urar da ta zo da ita, allon ya kawo haske. Kiɗan ya tashi. Shi ne, babu ko tantama, amma an cika shi da kayan kiɗa har ya yi ƙiba. Magatakarda ya buɗe littafi ya zaro alƙalami daga aljihun gaba.

"Ƙorafi na ɗaya," ya ce. "Kiɗa ya yi yawa."

"Baba, akwai inda ake mayar da tsohon kiɗan. Ga shi nan."

Ta danna, sai ga kukan ƙofar nan na da, siriri, mai tsatsa. Kafaɗar Mai Aski ta motsa. Magatakarda ya yi gyaran murya, ya ja layi ɗaya a kan abin da ya rubuta.

Daga nan Auta ta nuna musu cewa sabon yana barin mutum ya zaɓi babin da zai fara, ba sai ya taso daga farko ba. Nan Magatakarda ya ajiye alƙalami.

"Wannan kuwa ba zai yiwu ba. Ba a fara shari'a daga hukunci."

"Baba, daga farko awa arba'in ne. Mu kuma yau kaɗai gare mu."

Ya shiga shafa haɓa. Mai Aski na kallonsa. Can sai fuskarsa ta washe, kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata a aljihunsa.

"Akwai misali," ya ce. "A shekarata ta tara a aiki, ɗakin ajiya ya kama da wuta, fayil goma sha ɗaya suka ƙone. Alƙali ya yi umarni a ci gaba daga inda rubutun magatakarda ya tsaya, tun da rubutun ya tsira. Na'ura ta ƙone, littafi ya tsira. Hukunci ɗaya ne. Kai mu kogon ƙarshe."

Auta ta miƙa wa mahaifinta linzamin. Ya dube shi, ya dubi hannunsa na dama, ya girgiza kai. Ya nuna Magatakarda da haɓa.

Haka aka yi, a karon farko a rayuwarsa, Magatakarda ya riƙi linzami. Ya riƙe shi nesa da jiki, kamar jaririn da ba a sa wa ƙyalle ba. Auta ta nuna masa: babban yatsan hagu na tafiya, na dama na sara da buɗe ƙofa. Yaro mai fitila ya yi taku biyu, ya juya, ya shiga bango da ka.

Kafin su shiga kogon, mutanen uku suka tsaya suna magana, rubutu ya fito a ƙasa cikin harshen da Magatakarda ya yi aiki da shi duk rayuwarsa. Ya matso da kujera. Shekara ashirin da bakwai yana son sanin abin da waɗannan mutane ke cewa. A da su biyun ne suka tsara labarin da kansu: mai baka yayar yaron ce, suna neman mahaifiyarsu, tsoho mai sanda kuma tsohon alƙali ne da ya bar kujera don ya raka marayu. Magatakarda ne ya kafe a kan wannan, yana mai cewa daga tsayuwar mutum ake gane ma'aikacin shari'a.

Ya karanta a bayyane, sannu a hankali. Ya kai tsakiya ya tsaya.

"Me ya ce, Baba?"

"Ya ce…" Ya gyara tabarau. "Ya ce yana neman gafarar yaron, domin shi ne ya sace musu jakuna tun a garin farko."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Mai Aski, mai kama da tari. Auta ta zabura, sai ta ga dariya ce. Dariya yake yi da rabin fuska, hawaye na gangarowa ta ɓangaren da ke motsi.

"Alƙali," ya ce da ƙyar. "Alƙali."

"Fassarar ce ba ta inganta ba," in ji Magatakarda. "Ƙorafi na biyu." Amma ya ci gaba da karatu har ƙarshen maganar, ya ma nemi Auta ta maido wani layi da ya wuce shi.

Suka shiga kogon. Ya kwantar da littafin a hannun kujera, a shafi na sittin da ɗaya, inda rubutunsa na ƙuruciya ke tsaye tsaf kamar soja. Daga bakin kogo, taku ashirin, kwana dama. Ya yi taku ashirin, ya danna dama. Bango. Ya koma baya ya sake ƙirgawa. Bango. Ya juya hagu don ya ga abin da ke can, sai ga hanya a buɗe.

Ya wuce zuwa layi na gaba. Bayan gadar igiya, kwana hagu, akwai rijiya. Ya yi hagu, yaron ya faɗa rami, wasu jemagu suka rufe shi, fitilar ta mutu. Aka maido shi bakin kogo. Sau huɗu ana haka. A na biyar Magatakarda ya ajiye linzamin a kan tebur da natsuwar mutumin da ya kama ɓarawo da kaya a hannu.

"To, an zo wurin. 'Yata, ki shaida. Sun juya kogon. Duk inda asali ya ce dama, sun mayar da shi hagu, don a ce sun yi aiki. Ga rubutu, ga kwanan wata. Wannan littafi bai taɓa ɓatar da mu ba ko sau ɗaya, mahaifinki na nan, ya faɗa. Abin da na ce tun da safe ya tabbata: jabu ne."

Auta ta duba wayarta, ta ce masu sharhi duk sun ce ba a taɓa hanyoyin ba, ko dutse ɗaya ba a gusar ba.

"Masu sharhi suna da littafi?"

Mai Aski ya fara buga hannun kujerarsa da hannun hagu. Da suka juyo, ya nuna kusurwar da aka tara kayan bayarwa. Auta ta ɗauko fanka, ya girgiza kai. Ta ɗauko akwatin kayan aski, ya girgiza kai. Sai ta janye wani tsohon zane, babban madubin shagon ya bayyana, da tsagar nan tasa a gefen sama. Ya yi mata ishara ta jingina shi da bangon da ke fuskantar talabijin. Sannan ya dubi amininsa, ya juya yatsa a iska.

"Juya," ya ce.

Magatakarda ya juya kujerarsa, ya ba talabijin baya. A cikin madubin ga kogon, ga yaro mai fitila a bakinsa. Taku ashirin a gaba, hanya ta buɗe ta dama, daidai yadda littafin ya faɗa.

Ya ƙura wa madubin ido. Shagon ya dawo masa gaba ɗaya. Talabijin ɗin a kan katako take, a bangon baya, sama da bencin masu jira. Mai Aski kan juya mata gaba a kan ɗan kututturensa. Shi kuwa ba ya zama a benci. Ma'aikacin kotu ba zai zauna inda yara ke goga takalmi ba. A kujerar aski yake zama, mai laushi, mai wurin ɗora hannu, wadda aka kafe da ƙusa tana fuskantar madubi. Wata goma sha huɗu, bai taɓa kallon wasan nan kai tsaye ba. Haruffan kuma ba su tona asiri ba, tun da a juye ko a miƙe duk ɗaya ne a wurinsa.

"Kana nufin," ya ce a hankali, bai juyo ba, yana magana da fuskar amininsa ta cikin madubi kamar yadda suka saba, "duk lokacin da na ce dama…"

Mai Aski ya ɗaga babban yatsan hagu, ya karkata shi hagu.

"Shafi sittin da huɗu. Duk a juye. Kuma ba ka taɓa faɗa mini ba."

Mai Aski ya ɗaga kafaɗa ɗaya. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyara ƙeyar mutane ta cikin madubi, juya dama zuwa hagu ba aiki ba ne a wurinsa. Bakinsa ya yi ta kokawa da kalma, har ta fito.

"Kotu… ba ta… kuskure."

Auta ta toshe baki da gyale ta fita tsakar gida. Ana jin dariyarta daga can.

Magatakarda ya zaro alƙalami. Ƙa'idar aikinsa a fili take: ba a goge kuskure, ana jan layi ɗaya a kai, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata. Ya buɗe shafin farko, ya ɗora bakin alƙalamin a kan kalmar dama ta farko. Sai idonsa ya faɗa kan yatsan nan na hagu, wanda har yanzu ke motsi a kan bargo shi kaɗai, yana bin hanyar da ya haddace. Ya dubi linzamin da ke kan tebur. Tafiya a ɓangaren hagu take.

Ya mayar da murfin alƙalamin.

Ya jawo kujerarsa har ta haɗu da mai tayar ta ɓangaren dama, ya ɗora linzamin a tsakaninsu. Ya kama hannun hagun amininsa ya sa a kan rabi, ya riƙe ɗaya rabin da nasa hannun daman.

"Kai ke da tafiya, ni ke da sara. Daga bakin kogo, taku ashirin, kwana dama."

Yatsan ya yi hagu. Hanya ta buɗe.

Da Auta ta dawo da shayi, ta tarar sun wuce gadar igiya, sun sha daga rijiya. Magatakarda na karanto hanya da muryar da yake kiran shaidu, yana danna maɓalli da ƙarfin da ya wuce buƙata, yana yi wa jemagu gargaɗi na ƙarshe kafin ya sare su. Sau biyu aka kashe su, kowanne ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ɗaya da dogon bayani, ɗaya da tsaki. Shayin ya huce ba a taɓa shi ba. Rana ta sauko ta tagar da babu labule, ta kwanta a kan kayan bayarwa.

Rubutun ya ƙare a tsakiyar shafi na sittin da huɗu, da rabin jimla. A allon kuwa ga babbar ƙofa, baƙa, da zanen fitila a jikinta, ta fi yadda yake tunawa girma.

"Wannan maɓallin, Baba," in ji Auta a hankali. "Ka danna ta buɗe."

Magatakarda ya matso. Ya ɗora yatsa. Sai hannun hagun Mai Aski ya saki tafiya, ya ƙetaro, ya sauka a kan nasa, ya danne shi.

"A'a."

"Almakashi, shekara ashirin da bakwai."

"Farko," in ji Mai Aski. Ya nuna ƙasan allon, inda rubutu ke fitowa, sannan ya nuna bakin amininsa. "Karanta. Farko."

"Babanmu, awa arba'in ne fa," in ji Auta. "Gobe da safe za mu…" Ta sunkuyar da kai.

Magatakarda ya dubi ƙofar, ya dubi hannun da ke kan nasa. Shekara tara rabonsa da tafiya mai nisa; ya sha faɗa a gaban shaidu cewa ya gama da tasha da hayaniyarta. Amma gaskiya ne, ba su san labarin ba. Ba su san alaƙar mai baka da yaron ba, ba su san yadda aka yi da jakunan ba. Bai taɓa ganin an yanke hukunci alhali ba a saurari shaida ko ɗaya ba.

"Awa nawa ne a mota zuwa wurinku?"

"Shida, Baba. In hanya ta yi kyau."

Ya janye yatsansa daga maɓallin. Ya buɗe sabon shafi, ya rubuta kwanan wata a sama, ya ja layi a ƙarƙashi da gefen kwalin wasan.

"To, Baba," in ji Auta, tana share ido da bayan hannu, "ya dace da asalin ko jabu ne?"

"Kotu ba ta gamsu ba tukuna. An ɗage zama zuwa Asabar ta sama."

Ya rufe littafin, ya miƙe, ya gyara zaman rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna kusurwar kayan bayarwa da alƙalami.

"Madubin nan kuma, ki cire shi daga cikin waɗancan. Shaida ne. Ya bi mota."